Tabki, kushewa da majami'a: sharhi kan kayan tarihin ƙasar Madarumfa

Duk malamin da ya taɓa koyar da Faransanci a kolej ya san irin nassin nan da ake cirowa daga littattafan jagorar matafiya na ƙasar Faransa. Ana kwatanta wani ɗan ƙaramin gari, wanda mutanensa ba su fi na Gabi yawa ba, sai a ce wa baƙo ya fara da tsohuwar majami'ar da ke tsakiyar gari, ya dubi hasumiyarta da shekarar da aka sassaƙa bisa ƙofarta. Daga nan ya tsallaka titi ya shiga gidan tarihin garin, inda aka jera garemanin kakanni da tufafin amare da hotunan samarin da suka mutu a yaƙin 1914. Ɗalibi ya karanta, ya amsa tambayoyi, ya rufe littafi. Abin da ke saura a zuciyarsa, ko da bai furta ba, shi ne garinsu ba ya da tarihi, tunda ba ya da ko ɗaya cikin biyun.

Wannan tsari na Faransa yana da dalilinsa. Tun 1840 hukumar ƙasar ta fitar da jerin farko na gine-ginen da za ta kare, a zamanin da marubuci Prosper Mérimée ke riƙe da muƙamin sufeton kayan tarihi. Bayan dokar 1905 da ta raba addini da mulki, da wadda ta biyo ta a 1907, akasarin tsofaffin majami'un Katolika suka zama mallakar komin. Watau gyaran rufinsu ya rataya a wuyan magajin gari, ko yana zuwa ibada ko ba ya zuwa. Ga shi kuma da dutse aka gina su, shi kuwa dutse yana da haƙurin jiran mai gyara. Kwarin Gulbin Maraɗi bai gāji wannan haƙuri ba. Da laka da itace da shibci aka yi gini a nan, kuma damina ba ta ba kowa bashi. Tsohon birnin Maraɗi ɗungurungum, da fadarsa da unguwanninsa, ambaliyar 1945 ce ta cinye shi, aka tashi aka koma kan tudu aka yanka tituna a miƙe. Wanda ya auna tarihin wannan ƙasa da ma'aunin tsohon bango zai tashi da mudu wayam, amma laifin na mudun ne.

A shekara ta 2006 Nijar ta miƙa wa hukumar UNESCO jerin wuraren da take niyyar gabatarwa don su shiga cikin kayan gadon duniya. A ciki akwai tsohuwar unguwar Birni ta Damagaram da fadar sarkinta, da fadar Zarmakoy ta Doso, da masallatan laka na jahar Tawa, da Lugu garin Sarauniya. Akwai kuma wani wuri da aka ba suna mai tsawo: dajin hukuma, tabkin Madarumfa da kushewun waliyyai 99. Wannan suna shi ne kusan hoton da aka fi sanin ƙasar Madarumfa da shi a waje, don haka ya cancanci a zauna a duba shi da kyau.

Abin yabo na farko shi ne waɗanda suka tsara shi sun ƙi raba ƙasa da mutanenta. Ba su ce tabki daban, kushewa daban ba. Wanda ya san wurin ya san haka abin yake: ruwan da Gulbin Gabi da Gulbin Maraɗi ke zubawa a tabkin shi ne ya tara masunta da manoma da makiyaya, kuma a gewayen wannan ruwa ne bayin Allah suke kwance, mutane na zuwa ziyararsu har daga ƙetaren iyaka. Abin yabo na biyu shi ne an yarda cewa wuri na iya zama kayan tarihi ba tare da doguwar hasumiya ba. Kushewar waliyyi ba ta da abin da zai cika idon mai ɗaukar hoto. Darajarta tana cikin abin da ake faɗa a kanta da yadda ake tsayawa a gabanta.

Amma daga nan maganar ta tsaya. Agadas ta shiga babban jerin a 2013, tabkin Madarumfa ya samu shiga yarjejeniyar Ramsar ta kare wurare masu dausayi a 2019, su kuwa kushewun suna nan a jerin jira. Ba jinkirin ba ne abin damuwa, domin wurare da yawa a duniya sun fi haka daɗewa suna jira. Abin damuwa shi ne lambar nan 99 ta zama mayafi. Lamba ce mai kwarjini, tana tuna wa kowane Musulmi kyawawan sunayen Ubangiji, kuma saboda wannan kwarjini ba a cika tsallake ta a yi tambayar da ɗan tarihi ya kamata ya yi ba: wane ne wannan, daga ina ya zo, a zamanin wane sarki, wace zuriya ce ke kula da shi, kuma me ya sa labarin da ake bayarwa a wannan gaɓar tabki ya bambanta da na waccan? Tarihi yana cikin ɗai-ɗai ne. In aka tara su aka kira su da lamba, an girmama su, an kuma rufe bakin mai tambaya. A sani kuma ziyarar kushewa ba abu ne da kowa ya yarda da shi ba. Tun da ƙungiyar Izala, wadda aka kafa a Jos a 1978, ta yi ƙarfi a Maraɗi, akwai matasa da yawa da suka tashi suna jin cewa barin wurin shi ne daidai. Wannan muhawara ta malamai ce, su za su yi ta. Sai dai mai ziyara da mai hana ziyara duka suna iya yarda da abu guda: rubuta sunan mamaci da labarin zamaninsa ba bauta ba ne.

Sa'an nan ga abin da sunan bai ambata ba ko kaɗan. Ƙasar da ta kama daga Maraɗi zuwa Gabi fagen yaƙi ce ta kusan ƙarni guda. Bayan da mayaƙan jihadi suka karɓi Birnin Katsina a 1807, gidan sarautar Haɓe ya yi gudun hijira, har Ɗan Kasawa ya kafa sabuwar fada a Maraɗi da taimakon mutanen kwarin. A 1836 Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ci taron Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da abokansu a Gawakuke, inda Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda suka rasa rayukansu, kuma bayan wannan ne Gobirawa suka zauna a Tsibiri. Zamanin Ɗan Baskore dawakin Maraɗi sun sha ratsa dajin kudu suna kai hari. Garuruwan da ke bakin wannan daji, ciki har da Gabi, sun rayu tsakanin kafi da ganuwa, da kunne ɗaya a gona ɗaya a daji. Alamomin wannan zamani su ne tudun da ya saura daga tsohuwar ganuwa, da kufai, da rijiyar da aka daina sha, da sunan wata gona. Manomi yana wucewa da garma ta kansu kowace shekara. Haka nan babu maganar Anna, mutanen da Katsinawa suka tarar a kwarin, masu gado da tsafi da buɗin daji, alhali a fadar Maraɗi Durɓi yana cikin manya huɗu masu zaɓen sarki, tare da Kaura da Galadima da Ƴandaka, ita kuma Iya tana shugabantar ƴan bori. Fadar da kanta ba ta ɓoye wannan gado ba. Takardun zamani ne suka ji kunyarsa.

Sai maganar majami'u, wadda aka fi kauce wa.

Wanda ke neman tsohuwar majami'a mai ɗaukar ido a ƙasar Hausa, sai ya tafi Wusasa kusa da Zariya. A can ne mishan ɗin CMS, wanda likita Walter Miller ya daɗe yana yi wa aiki, ya koma daga cikin birni, aka gina majami'ar Bartholomew a 1929 da tubali da laka, bisa fasahar maginan Hausa. Mai shiga cikinta zai ga hannun da ya saba gina soro da zaure. Gini ne da ya isa a sa shi kusa da masallacin Yama na jahar Tawa, wanda Falke Barmu ya fara a 1962 ya kuma samu kyautar Aga Khan a 1986, a kwatanta yadda laka ɗaya ta yi wa addini biyu hidima.

A wannan gefen iyaka labarin ya sha bamban. Mishan ɗin SIM ya shigo Damagaram a 1924, ya buɗe tasha a Tsibiri kafin ƙarshen shekarun 1920, ya buɗe asibitin Galmi a 1950, sa'an nan a 1956 ya kafa wurin jinyar kutare a Danja, kan hanyar Maraɗi zuwa Ɗan Isa, cikin ƙasar Madarumfa kanta. Mutanen SIM ba masu son ado ba ne. Aƙidarsu ta fi karkata ga wa'azi da karatun Littafi, don haka ba su bar hasumiyar da matafiyi zai tsaya ya ɗauki hoto ba. Katolika ma sai a 2001 Maraɗi ta zama mazaunin bishop. In da ma'aunin Faransa za a bi, babu abin gani.

Amma akwai abin da ya kamata malamin Hausa, Musulmi ne ko Kirista, ya tsaya a kansa. A zamanin da lakwal ɗin Nasara ba ta yarda yaro ya buɗe baki da harshen uwarsa a cikin aji ba, a tashoshin mishan ana koya wa manya da yara karanta Hausa da haruffan boko, domin su iya karanta Littafi Mai Tsarki, wanda aka kammala fassararsa zuwa Hausa a 1932. Malaman zaure suna da ajami tun da daɗewa, wannan ba a musunsa. Sai dai boko, wanda da shi ake rubuta wannan shafi, ya zauna a wasu gidajen Tsibiri da Maraɗi da Danja shekaru masu yawa kafin hukumar Nijar ta buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973. Saboda haka dukiyar tarihin waɗannan majami'u ba a bango take ba. Tana cikin akwati: littattafan koyon karatu, littattafan waƙoƙi, rajistar aure da baftisma, wasiƙun da mai bi ya rubuta wa ɗan'uwansa da Hausar Katsinanci ko Gobiranci. Wanda ke son sanin yadda ake rubuta Hausar wannan kwari kafin a daidaita ƙa'idojin rubutu, a nan zai nema. Danja kuma tana da wani tarihin da ya wuce na addini, domin Musulmi ne akasarin waɗanda suka kwanta jinya a can, kuma labarin yadda al'umma ta ɗauki kuturu, da yadda magani ya sauya wannan kallo, labarin kowa ne.

Takarda ba ta jure wuta. A ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin tarzomar da ta biyo bayan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa, an ƙone gomman majami'u a Damagaram da Yamai, an kuma sa wa cibiyar al'adu ta Faransa da Nijar da ke Damagaram wuta tare da ɗakin karatunta. An sake gina bango a wurare da dama. Abin da ke cikin akwati ba a sake gina shi.

Idan an ce ƙasar Madarumfa ba ta da gidan tarihi, an yi gaskiya rabi. Tana da shi, amma na takarda ne, kuma ƙofarsa tana nesa. Ɗakinsa na farko shi ne abin da Landeroin, tafintan tawagar Tilho da ta shata iyakar Nijar da Nijeriya daga 1906, ya tattara daga bakin fadawa aka buga a 1911. Yana da amfani ƙwarai, amma jerin sarakuna ne da yaƙe-yaƙensu, talaka ba ya fitowa a ciki sai in an kama shi. Na biyu shi ne littafin Philippe David na 1964 kan tsohuwar daular Maraɗi da tsohon birninta. David ya zo a kan kari, lokacin da waɗanda suka zauna a birnin da ruwa ya ci suna raye, suna iya nuna inda kowace ƙofa take. Wannan ne aikin da ya fi kusa da abin da ake nema a gidan tarihin gari. Na uku shi ne babban littafin Guy Nicolas na 1975 kan yadda Hausawan kwarin ke fahimtar duniya. Babu wanda ya rubuta al'adun Anna da zurfi irin nasa, sai dai ya zuba su cikin Faransanci mai kauri da ƙa'idojin masana, har jikan mai tsafin da ya ba shi labari, ko da ya gama lise, zai sha wuya kafin ya gane kakansa a ciki. Na huɗu shi ne littafin Barbara Cooper kan Kiristocin Maraɗi, wanda ya fito a 2006, shekara ɗaya da jerin UNESCO. Ƙarfinsa shi ne ta saurari masu bi ƴan ƙasa, ba ta tsaya ga rahoton Turawan mishan ba, kuma ba ta ɓoye saɓanin da ya shiga tsakanin ɓangarorin biyu ba. Da Ingilishi aka rubuta shi. Takardun da aka dogara da su kuwa suna warwatse tsakanin Yamai da Dakar da Aix-en-Provence da Amurka.

Ga abin mamaki a nan. Dukan waɗannan marubuta da Hausa aka ba su labari. Tsoho ya zauna bisa tabarma ya yi magana da Hausa, aka juya ta zuwa wani harshe, aka tafi da ita. A 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. In wannan ayyanawa za ta taɓa ajin tarihi a Gabi, mafi sauƙin aikin da za a fara da shi shi ne maido da maganar tsofaffin nan cikin harshen da suka yi ta, ko da babi ɗaya ne na littafin David da ƙungiyar malamai za ta nemi izini ta fassara.

Ba a rasa abin koyi ba game da gidan tarihin ƙauye. A Faransa kanta, tun 1971 Hugues de Varine da Georges Henri Rivière suka fito da tunanin gidan tarihin da ba ya cikin gini ɗaya, wanda yankin duka shi ne zaurensa, mazauna kuma su ne masu tsaronsa. Wannan ya fi dacewa da kwarin Gulbi bisa ga akwatunan gilashi. Mafi kusa kuma shi ne abin da aka yi a Fombori, wani ƙauyen Dogon a ƙasar Mali, a 1997. Mutum ya kawo kayan gadon gidansu ya ajiye, ya ba da labarinsa a rubuta, sai a ba shi ɗan rance ya yi sana'a, kayan kuma yana nan nasa. Dabarar ta amsa tambayar da masu jawabi kan al'ada ba su son ji, watau me zai hana matalauci sayar da takobin kakansa in dillali ya zo da kuɗi a watan da rumbu ya ƙare. Nijar ta san wannan ciwo. Tukwane da gumakan Bura sun watsu a kasuwannin Turai har aka sa su, tare da na yankin Katsina da Sakkwato, cikin jan jerin da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar a 2000, duk da dokar kare kayan gadon ƙasa ta 1997.

Sai dai kada a ɗauka abin mai sauƙi ne. Gidan tarihin ƙasa na Yamai, wanda aka buɗe a 1959 kuma yake ɗauke da sunan Bubu Hama, yana iya ajiye rigar bori kusa da allon malami ba wanda zai ce uffan, domin a babban birni kaya ya rabu da mai shi. A ƙaramin gari kowa ya san gidan da kowane abu ya fito. Akwai zuriyar da ta musulunta tun kaka, ba ta son a tuna mata da tukunyar da ke bayan ɗaki. Akwai wadda ba ta son a ce kakanta da igiya aka kawo shi daga kudu. Akwai kayan da masu shi suka yi imani ba a nuna shi ga kowa. Tilas a bar wa kowane gida ikon cewa a'a, kuma abin da aka ƙi nunawa ana iya rubuta labarinsa a ajiye, ba tare da suna ba.

Ga kuma halin tsaro. Tun wajen 2019 ƙauyukan da ke bakin dajin Baban Rafi suka sha fama da ɓarayin shanu da masu satar mutane don kuɗin fansa. Ba lokacin kiran ƴan yawon buɗe ido ba ne, kuma duk shirin da aka gina bisa zuwan baƙo da kuɗinsa zai rushe tun kafin a kafa shi. Amma wannan hali shi ne ya sa aikin ya zama na gaggawa. Tsohon da ya bar tungarsa ya koma cikin gari ya taho da sunayen gonaki da fadamu da kufai a kansa, kuma jikokinsa da za su tashi a wani wuri ba za su tambaye shi ba. Ɗaliban kolej guda talatin, kowane da littafin rubutu da wayar da ke ɗaukar murya, suna iya tattara abin da babu tawagar masana da za ta zo ta tattara a wannan lokaci.

Inda za a ajiye abin da aka tara shi ne kullin da ya rage. In an kai shi fadar sarki, zai zama tarihin sarauta, wasu gidaje su janye. In an kai shi harabar masallaci ko ta majami'a, rabin kayan ba zai shiga ba. Ofishin komin yana sauya hannu, kuma abin da wani ya tara wani na iya fitarwa don yana bukatar ɗakin. Makaranta ce kaɗai wurin da ɗan liman da ɗan fasto da jikan Durɓi ke zama a benci ɗaya, sai dai malami ma'aikacin hukuma ne, takardar canjin wurin aiki na iya zuwa masa kowace Oktoba. Ƙungiyar iyayen ɗalibai ba a canza mata gari. Da ita ya kamata a fara zama, a rubuta wa zai riƙe mabuɗi, wa zai riƙe na biyu, da inda za a ajiye kwafin kowace murya da aka ɗauka, a Maraɗi ko a Yamai, tun kafin a karɓi ko da ƙwarya ɗaya daga hannun mai ita.